Ƙera jirgin sama a gida: Ba a wurin inji gizo ke saƙar ba

Da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin wani matashi a ƙasar Hausa da ya haɗa wani abu mai kama da jirgin sama a bayan gidansu ba. A da a rediyo ake jin labarin, yanzu kuwa a waya ake ganin hoton, ana ta tura shi daga wannan rumfa zuwa waccan. Jama'a su taru, a tayar da inji, farfela ta juya ta tayar da ƙura, yara su yi ta shewa, a ce ai saura ƙiris ya tashi. Daga nan sai a shiga neman taimako, kuma kowa ya san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa, wato ta 'yan kasuwa. Alhajin Kantin Kwari ya ba da nasa, Hajiya mai atamfa ta kwance bakin zane, mai kayan gwari ma ba a barin sa a baya, domin dai a ce ɗanmu ne ya yi.

Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, duk wanda ya je kallo a kan inji yake tsayawa: na wace mota ne, ƙarfin doki nawa ne. Alhali injin mota ya daɗe da tayar da jirgi. Tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Bernard Pietenpol, bakanike a wani ƙauye na jihar Minesota, ya ƙera jirgin katako mai ɗaukar mutum biyu da injin motar Ford, kuma har yau ana bin zanensa ana ƙera irinsa. Bugu da ƙari, in inji ya mutu a sama, ƙaramin jirgi yakan yi ta lilo yana gangarowa a hankali, matuƙi ya nemi fili ko gona ya sauka. Amma in fiffike ya rabu da gangar jiki, to babu sauran dabara, domin sama ba ta da gefen titi da za a faka a nemo bakanike. Saboda haka wurin da ya fi cancanta a leƙa shi ne wanda ba ya fitowa a hoto: mahaɗar fukafukai, inda fiffiken dama da na hagu suka haɗu a cikin jirgi, galibi a ƙarƙashin kujerar matuƙi ko bisa kansa.

Sandar ɗan ga-ruwa da azarar Bengu

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ɗan ga-ruwa mai rataya garwa biyu a sanda ya san cewa in sandarsa za ta karye, ba a bakin igiya take karyewa ba, a tsakiya ne, daidai inda ta hau kafaɗa. Haka jirgi yake in yana ajiye a ƙasa, fukafukai biyu na rataye, gangar jiki na riƙe da su. To da zarar ya tashi sai lamarin ya juya. Iska ce ke ɗaga fukafukan, ita kuma gangar jiki da inji da mutanen da ke ciki su ne ke rataye a tsakiya, tamkar 'yan dako biyu sun ratayo buhun gishiri a tsakiyar gora, kowa ya saɓa gefe guda. A nan ma tsakiyar ce ke shan wahala.

Mutanen Bengu, a yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar (ba Gayar Kano ba, wadda ke jihar Dosso kusa da iyakar Binin da Kamba ta jihar Kebbi), ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ƙasarsu ƙasar giginya ce, kuma azarar da ake tsagawa a kwarin Dallol Mawuri ta rufe ɗakuna da sorayen da ba su ƙirguwa. Duk maginin da ya iya aikinsa ya san iyakar tazarar da azara ɗaya za ta iya ɗauka, ya san in ɗakin ya faye faɗi sai an yi dabarar daurin guga ko bakan gizo, ya kuma san in nauyin ƙasa ya yi wa azara yawa daga ƙasanta take fara tsagewa, domin samanta matsewa yake yi, ƙasanta kuwa miƙewa. A cikin kowane fiffiken jirgi akwai irin wannan azara, tun daga gindinsa har ƙarshensa, an jera mata haƙarƙari, an lulluɓe da fallen alminiyom ko yadi. Mu ma azara za mu kira ta a wannan rubutu. Bambancin kawai shi ne, ita giginya nauyinta ya yi wa jirgi yawa. Masu ƙera jirgin katako wani ice mara nauyi suke nema daga gabar yammacin Amurka da Kanada, kuma ba kowane falanki suke karɓa ba, sai mai miƙaƙƙen zare wanda ba shi da ƙulli.

Nawa ne nauyin da ke kan wannan mahaɗa? Mu auna da buhu, yadda lissafin zai fi shiga. Ƙaramin jirgi mai kujera biyu irin wanda za mu yi magana a kansa nan gaba, in an cika shi da mai da mutane, yakan kai kimanin kilo 750, wato buhun shinkafa 15 mai kilo 50. Wannan a tafiya miƙe ke nan. In matuƙi ya karkata jirgin sosai zai sha kwana, nauyin yakan ninka biyu. In ya ci karo da irin iskar nan ta farkon damina, sai a ji kamar babbar mota ta faɗa rami da lodi, nauyin ya sake ninkawa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu zanen wannan jirgi suka tsara cewa, in an rage lodinsa zuwa kimanin kilo 625 domin wasan juyi a sama, ya iya ɗaukar ninki shida na wannan nauyi ba tare da ya lanƙwashe ba, wato kilo 3,750, buhu 75 ke nan. Kuma kada ya karye sai an wuce ninki tara, sama da buhu 110. Duk wannan a kan jirgin da shi kansa, ba mai ba mutum, bai fi kimanin kilo 450 ba.

Daga Kano zuwa Kaduna

Idan mai karatu bai manta ba, a 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi ya zaga duniya. Ɗalibin kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24 a lokacin, ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu, ruwan ɗorawa, mai kujera huɗu. Kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ruwaito, injin tsohuwar Honda Civic ya sa mai ƙarfin doki 133, kujerun na Toyota ne, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani jirgin Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano aka samo su. Da kuɗin gyaran waya da kwamfuta ya yi aikin, da ɗan taimakon mahaifinsa. Jirgin ya ɗaga sau shida, bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba, kuma ya koka cewa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ba ta waiwaye shi ba.

Wasu sun yi dariyar ƙafa bakwai ɗin nan. Mu kuwa a ganinmu hankali ne ya tsayar da shi a nan. Mai saukar ungulu ba shi da fiffike a kafe, amma yana da tasa mahaɗar, wato cibiyar da farfelar sama ke kamawa, kuma duk nauyin jirgin a nan yake rataye. Wanda bai da hanyar gwada ƙarfin wannan wuri, to ƙafa bakwai ita ce iyakar abin da zai faɗo daga kai ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin Mubarak ya haɗa nasa an riga an haɗa jirage irin na gida har guda 60 a Kaduna. Wani kamfani mai suna AIEP, mai alaƙa da kamfanin Dornier na Jamus, shi ya ɗauko zanen wani jirgi mai suna RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka. A wancan lokacin, shi wannan jirgi ba a sayar da shi a haɗe. A akwatunan katako yake zuwa gunduwa-gunduwa, tare da zane da littafin bayani, mutum ya haɗa abinsa a garejin gidansa. A Kaduna aka yi masa 'yan gyare-gyare aka raɗa masa suna Air Beetle. Na farko ya tashi a 1989, kuma cikin shekarun 1990 rundunar sojan sama ta Najeriya ta karɓe su tana koya wa sababbin matuƙa tuƙi da su. Hannun 'yan ƙasa ne ya buga ƙusoshinsu. Daga 2016 rundunar ta juya ga Pakistan ta sayo jiragen koyo guda 10 masu suna Super Mushshak. Ba mu ce kada a saya ba, ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wani lokaci saro kaya ya fi yin sa riba. Amma abin takaici ne a ce garin da ya haɗa mahaɗar fukafukai sau 60, ga Panteka a cikinsa, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa tun 1964 a maƙwabtaka, har yau yaron da ke son wannan sana'a a waya yake kallon yadda ake yi.

Yadda ake haɗa ta

A tsarin RV-6A, azarar kowane fiffike ba sanda ɗaya ba ce. Falle ne na alminiyom a tsaye, an jera masa dogayen sanduna sirara a sama da ƙasa, ɗaya kan ɗaya kamar an jera turamen atamfa. A gindin fiffike, inda wahalar take, sandunan sun fi yawa. Ana tafiya ƙarshe suna raguwa, domin can nauyi kaɗan ne, kuma duk kilon da aka ƙara a banza kilon mai ko na fasinja aka cinye. Gindin azarar dama da na hagu suna zarcewa cikin gangar jiki su haɗu a tsakiya, a cikin wani kauri mai kama da aljihu. A nan ake kama su da faifan baƙin ƙarfe, sama da ƙasa, gaba da baya, a ɗaure da bol da noti gommai.

Tambayar da 'yan'uwanmu masu walda za su yi ita ce, me ya hana a bi wurin da wuta a huta? Amsar tana cikin irin alminiyom ɗin. Ba irin na tukunyar dalma ba ne da ake narkarwa daga gwangwani a Panteka ko Katako ta Yamai. Wannan an gauraya shi da ɗan jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin 100, an gasa shi an sanyaya bisa ƙa'ida har ya yi ƙarfin da ya doshi na ƙarfe alhali nauyinsa kusan sulusi ne. Lambarsa 2024, kuma a rubuce take a jikin fallen. Da zarar wutar walda ta taɓa shi wannan ƙarfi ya tafi, wurin ya yi laushi ko ya tsattsage, ko da kuwa ido ya ga ɗinkin ya yi kyau. Shi ya sa ake haɗa shi da ribit, wato ƙusar nan mara kaifi da ake zura wa a rami a daddaƙe bayanta ta yi kai na biyu. Jirgi ɗaya yakan ci sama da 10,000, kuma yawancinsu aikin mutum biyu ne: ɗaya na riƙe da bindigar iska a waje, ɗaya ya tokare da dunƙulen ƙarfe a ciki. Kowace ɗaya akwai awonta. Faɗin sabon kan ya kai ɗaya da rabi na kaurin ƙusar, tsayinsa kuma rabin kaurin. Wadda ta karkace ko ta daddaƙu fiye da kima sai a huda a cire ta a sa wata, a kuma yi hattara kada ramin ya ƙara faɗi.

Rami shi ne abin tsoro a wannan aiki. Duk ramin da aka huda a azara an rage mata ƙarfi, saboda haka ba a yin ko ɗaya da ba ya cikin zane, ko da na ratsa waya ne. Wanda aka huda kuma sai an bi bakinsa an kankare ƙaiƙayin ƙarfen, an goge duk wani ƙarzane da sanfefa mai laushi, sannan a shafa fentin hana tsatsa. Dalili kuwa, tsaga daga ƙarzane take farawa, kuma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma ƙa'idar gefe: daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe kada ya gaza ninki biyu na kaurin notin. Duk macen da ta taɓa huda kunnen jaka ta sa igiya kusa da baki ta san abin da ke biyo baya.

Manyan notunan mahaɗa ba sa shiga raminsu da sauƙi, kuma da gangan aka yi haka, domin in akwai ɗan sarari to fiffike zai riƙa motsi yana cin ramin. Masu haɗa irin wannan jirgi kan kwana da notunan a firiza domin sanyi ya ɗan tsuke su, da safe a shafa musu giris kaɗan a tura su da gudumar roba. Ba a dukan su da gudumar ƙarfe, ba a kuma sake huda ramin wai don su wuce. Ɗaurin ma ba da ƙarfin damtse ake yi ba, da sifana mai awo ake yi, wadda ke yin ƙara in an kai adadin da littafi ya faɗa. Wannan ya saɓa da al'adar garejinmu, inda ake ƙara wa sifana bututu yaro ya hau kai ya yi tsalle. Notin da aka matse ya wuce kima ya riga ya miƙe, ya fara mutuwa tun jirgin bai bar ƙasa ba.

Sai ranar da ta fi kowace tayar da hankali. Bayan babbar azara akwai ƙarama a bayan fiffike, wadda noti ɗaya tak ke kama ta da gangar jiki, kuma ramin wannan noti shi ke tsayar da yadda fiffike zai fuskanci iska har abada. Sai an daidaita gangar jirgin da ma'aunin ruwa irin na magina, gaba da baya, dama da hagu. A saki igiyoyi masu dalma daga gaban fukafukan a ga sun sauka a layi ɗaya. A ja tef daga ƙarshen kowane fiffike zuwa wutsiya a ga awon ya zo daidai. Mutum kan wuni yana wannan awo, ya kwana, ya sake da safe, sannan ya huda. Notin kaurinsa kimanin milimita 8 ne, saboda haka dole a bar aƙalla milimita 16 zuwa bakin ƙarfe ta kowane gefe. In aka kuskure, jirgin zai riƙa karkata gefe guda duk tsawon rayuwarsa, ko kuma a warware aikin watanni a sauya ƙarfen. Ba mamaki da kamfanin ya fito da RV-7 a 2001, sai ya mayar da mahaɗar wani sashe mai zaman kansa da ke zuwa a haɗe daga masana'anta, an huda shi tare da fukafukansa, ya rage wa mai haɗawa wurin yin kuskure.

Jabu da na asali

A nan ne maganar ta zo hannun 'yan kasuwa, domin babu wanda ya kai su sanin cewa abu biyu kan yi kama a ido alhali ɗaya jabu ne. Notin da ake aunawa a kwano a Ƙofar Ruwa yana da amfaninsa, yana riƙe ƙofa da amalanke da injin markaɗe. Notin jirgi kuwa ƙarfensa daban, yana da alama a kansa, kuma yana zuwa da takardar da ke nuna masana'antar da ta yi shi da rukunin da ya fito. Takardar nan rabin kuɗinsa ce. A ranar 8 ga Satumba 1989 wani jirgin kamfanin Partnair da ya taso daga Oslo ta Norwe zuwa Hambog ta Jamus ya tarwatse a sama kusa da gabar Denmak, mutum 55 suka rasu. Bincike ya gano cewa uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe da wutsiyarsa jabu ne, ba su kai ƙarfin da ake bukata ba. Wani ya ci ribar 'yan daloli a kansu. Araha dai ba ta ado.

Haka kuma 'yan gwangwan su sani, ƙarfen da aka ciro daga jirgin da ya faɗi ko ya ƙone ba abin sa wa a mahaɗa ba ne, ko da yana sheƙi. Ƙarfe yana gajiya. A ɗauki cokali a lanƙwasa shi gaba da baya, ba zai karye a karo na farko ba, amma wata tsaga da ido ba ya gani tana tafiya a ciki har ranar da zai rabu biyu. A ranar 4 ga Afrilu 2018, a garin Daytona Beach na jihar Fulorida, fiffiken hagu na wani jirgin koyo ƙirar Piper ya cire jim kaɗan bayan tashi, ɗalibi da mai jarraba shi suka rasu. Ba jirgin gida ba ne, na masana'anta ne, na wata babbar jami'ar koyon tuƙi, ana kula da shi bisa ƙa'ida. Sai dai ya yi sauka sama da 33,000, kuma tsagar ta faro ne daga ramin noti a ƙasan azara, daidai inda maginin Bengu zai ce a duba. Daga baya hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta a binciki waɗannan ramuka da na'ura a dubban jirage irinsa.

Shi kansa kamfanin Van's, wanda jiragensa sama da 10,000 suka tashi a duniya, rami ne ya kusa kai shi ƙasa. Lokacin annobar korona oda ta yi masa yawa, sai ya ba wasu 'yan kwangila aikin yanka wasu sassa da hasken leza maimakon injin huda da ya saba. Zafin hasken ya ƙona bakin ramukan, masu haɗawa suka fara ganin ƙananan tsaga. Sauya kayan, tare da wasu matsalolin tsatsa da na farashi, ya sa a Disamba 2023 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, bai farfaɗo ba sai a 2024 bayan ya ƙara kuɗin kayansa. Duk mai shagon da ciniki ya taɓa buɗe masa har ya sauya dila don ya cika oda zai gane labarin.

Kada iyayenmu mata su ɗauka wannan aikin maza ne kawai. A Ghana, wata budurwa 'yar ƙauye mai suna Patricia Mawuli ta je filin jirgi na Kpong a 2007 neman aiki, aka ba ta saran kututture. Daga nan ta koyi buga ribit, ta shiga haɗa ƙananan jirage na alminiyom ƙirar Zenith, ta sami lasisin tuƙi a 2009, ta kuma koya wa wasu 'yan mata. Aikin ba ƙarfi yake so ba. Haƙuri yake so da ido, irin na mai tsintar tsakuwa a shinkafa ko mai ƙirga zare a ɗinkin hula.

Gwajin buhun yashi

To yaya za a san mahaɗa ta yi, ba tare da an sa ran ɗan mutum a kai ba? Hanyar tsohuwa ce, kuma ba ta fi ƙarfin kowace kasuwa ba. Ana kifar da fukafukan ne a ɗora mahaɗar a kan gammo mai ƙarfi, cikinsu na kallon sama, sannan a riƙa jera buhunan yashi da aka auna, da yawa a gindi, kaɗan a ƙarshe, kamar yadda iska ke rarraba nauyinta. Ana ƙarawa ana auna yadda bakin fiffike ke sauka. In an kai nauyin da aka tsara sai a sauke a duba: ya koma inda yake, ko ya lanƙwashe? Akwai ribit da ta zauna, ko falle da ya tattare? Mai sabon zane yakan ƙera fiffike na musamman ya yi ta loda masa har ya karye, don ya san iyakarsa, sannan ya jefar da shi. Wanda ya bi zanen da aka riga aka gwada, bai sauya ƙarfe ko awo ba, an ɗauke masa wannan. Wanda kuwa ya zana nasa da kansa, kamar yawancin yaranmu, babu abin da zai tsaya masa a madadin gwajin.

Ko masu zanen da suka yi suna ba su tsira ba. Wani jirgin haɗi mai suna Zodiac CH 601 XL ya yi farin jini a Amurka da Turai, har zuwa Afrilu 2009 lokacin da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta nemi a dakatar da shi, bayan guda shida sun tarwatse a sama mutum 10 sun rasu. Da aka sake lissafi aka ga fiffiken bai kai ƙarfin da ƙa'ida ta nema ba. Maganin da aka fitar shi ne ƙarin ƙarfe a azara da mahaɗa, kuma sai da masu jirgin suka buɗe fukafukansu suka sa shi.

A Amurka, inda ƙungiyar masu wannan sana'a ta kafu tun 1953, kuma kimanin jirage 10,000 ke taruwa a garin Oshkosh duk watan Yuli, doka ta yarda mutum ya ƙera jirginsa muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Amma sai mai duba na hukuma ya zo ya leƙa ko'ina, ya ga hotuna da littafin da aka rubuta kowane mataki, sannan a ware masa wani yanki mara cunkoson jama'a ya yi ta gwaji, a al'ada awa 25 zuwa 40, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da hurumin rajista da ba da izinin tashi, a Nijar kuma ANAC, kuma gara a je musu tun ana zane da a je bayan an rufe fiffike, lokacin da mahaɗar ta ɓuya a ƙarƙashin falle.

Saboda haka in an kawo wa ƙungiyar kasuwa takardar neman taimako, kafin a tambayi ƙarfin inji a ce yaro ya ɗaga kujera ya nuna inda fukafukan suka haɗu, ya faɗi lambar ƙarfen da inda ya saye shi, ya kawo zanen da lissafin. In ya ce bai gwada ba don ba shi da kayan gwaji, to wannan gudummawa ce da ba ta bukatar dala: sikelin Dawanau, buhu 75 da babu kowa a ciki, tifar yashi ɗaya, da 'yan dako huɗu na wuni guda.